Da Na Rufe Akwati Sai Nisan Na'urata Ya Ragu: Yaya Ake Zaɓa Da Saita Eriyar Kan Allo?

Tambaya: Na haɗa ƙaramar na'urar auna zafi mai aika bayani ta Bluetooth. Cif ɗin nRF52832 ne, allon PCB mai hawa biyu, kaurinsa milimita 1.6, faɗi 25, tsawo 40. Na kwafo zanen eriya mai lanƙwasa daga wani tsohon allo. A fili wayata tana kama ta daga mita 30, amma da na sa ta cikin baƙin akwatin roba tare da batirin LiPo, da ƙyar take kai mita 10. In koma eriyar tangaran ne, irin wadda ake saye a manna a kan allo? Kuma yaya ake saita ta?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da sayen eriyar tangaran tukuna. Idan ka ɗora ta a wannan allon, cikin wannan akwatin, batirin yana kwance inda yake, abin da ka gani shi za ka sake gani, ƙila ma ya fi haka muni. Wannan ɗan zanen jan ƙarfe da kake kallo rabin eriyar ne kawai. Ɗaya rabin shi ne shimfiɗar giraun ta allon, wato faffaɗan jan ƙarfen da ke haɗe da ƙafar negatif ta wuta, sannan duk abin da ke kusa yana da hannu a ciki: roba, batir, sukuru, har tafin mai riƙewa. Shi ya sa ake saita na'urar gaba ɗayanta, a rufe, yadda za ta zauna a wurin aiki.

Alkaluman da ka bayar sun riga sun nuna inda za a duba. A fili, duk sanda nisa ya ninka biyu, sigina yana raguwa da 6 dB, wato ƙarfinsa ya koma rubu'i. Daga mita 30 zuwa 10 asarar ta kai wajen 9.5 dB, wato kusan kashi tara cikin goma na ƙarfin ya salwanta. Eriyar da ta kauce daga saiti har rabin ƙarfi yake komawa baya, 3 dB kawai take ci. Don haka da wuya kaucewar saiti ita kaɗai ta yi maka wannan ɓarna. Akwai abin da ke sha ko tare siginar, kuma batirin na fi zargi. Jakar batirin LiPo tana da fallen alminiyam a jikinta, idan ta kwanta ƙarƙashin eriya ko a samanta, tamkar ka shimfiɗa giraun ne a wurin da aka ce a bari fili. Ita ma mita 30 ɗin ba abin a yaba ba ce. A 2.4 GHz asarar hanya wajen 40 dB ce a mita ɗaya, 60 a mita 10, 80 a mita 100. Idan kana aikawa da 0 dBm, wato miliwat ɗaya, a lissafin takarda siginar tana isa mita 100 da kimanin −80 dBm, wanda waya mai lafiya tana ji. Dawowar sigina daga ƙasa da jikin mai riƙe waya suna cin nasu, amma duk da haka akwai alamar eriyar ba ta da cikakkiyar lafiya tun kafin a rufe ta.

Akwai gwaji uku da ba sa buƙatar na'urar awo. Rufe akwatin amma ka fitar da batirin waje ta gefen da ya fi nisa da eriya. Sannan ka mayar da batirin mazauninsa ka cire murfin. Na uku, ka rufe komai amma ka ɗaga allon yadda za a sami tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin eriya da bangon roba. Wanda ya dawo da nisa shi ne mai laifi. Baƙar roba ta yau da kullum ba ta cika yin illa ba, amma wadda aka cika wa garin kabon don hana tara cajin lantarki, da wadda aka fesa wa fenti mai ƙyallin ƙarfe, suna shan sigina sosai. Kwatanta da farin akwati mai girma ɗaya ka gani.

Wace eriya ta dace

Bluetooth mai ƙarancin cin wuta yana da tashoshi 40 daga 2402 zuwa 2480 MHz. A tsakiyarsu tsawon zango a iska wajen milimita 123 ne, rubu'insa kusan 31. Yawancin eriyoyin kan allo rubu'in zango ne da aka kwantar ko aka nannaɗe, kuma saboda FR4, kayan da ake yin jikin allon da shi, yana rage saurin igiyar, tsawon da ake zanawa yakan ɗan gaza haka.

Idan akwai wuri, eriya mai siffar F da aka kifar, wadda ake kira IFA, ita ce zaɓina na farko. Kyauta ce tunda jan ƙarfen allo ne, tana rufe dukkan tashoshin cikin sauƙi, kuma tana da haƙuri idan muhalli ya ɗan canza. Zanen Texas Instruments na DN007 yana cin milimita 25.7 da 7.5, don haka ba zai shiga gajeren gefen allonka ba. 'Yar'uwarta mai lanƙwasa, MIFA, ita ce daidai da kai: ta AN043 tana cin milimita 15.2 da 5.7, kuma an tsara ta ne don ƙananan na'urorin da ake sokawa a USB. Ɗora ta a gajeren gefe, sauran milimita 34 na tsawon allon su zama giraun, wanda ya kai rubu'in zango. Wannan tsari mai kyau ne.

Eriyar tangaran tana ruɗar mutane da ƙanƙantarta. Johanson 2450AT18A100 milimita 3.2 da 1.6 ce kawai, amma tana buƙatar fili babu jan ƙarfe a kewayenta, kuma alkaluman da ke takardar bayaninta an auna su ne a kan allon gwaji mai girma na musamman. Ka sa ta a allon da ya fi wancan ƙanƙanta, alkaluman sun tashi aiki. Wasu an yi su don kusurwa, wasu don tsakiyar dogon gefe, kuma musanya musu wuri yana kashe su. Akwai kuma iyakar da babu kamfanin da ya tsallake, wadda Wheeler ya bayyana a 1947 da Chu a 1948: ƙaramar eriya sosai, idan ka rage girmanta da rabi, faɗin firikwensin da take iya rufewa yana raguwa kusan sau takwas, sai dai in ta sayi faɗin da asarar ƙarfi. Kai kuwa kana buƙatar faɗin wajen 80 MHz, kashi 3.3 cikin ɗari na firikwensin. Eriya mai siririn faɗi, ɗan motsin da roba za ta jawo ya isa ya fitar da ita daga tashoshin. Amfanin eriyar tangaran yana inda wuri ya yi ƙaranci da gaske, kamar agogon hannu ko abin kunne, kuma da sharaɗin kana da na'urar da za ka daidaita ta.

Idan akwatin na ƙarfe ne, ko za a manna na'urar a jikin injin ko tankin ƙarfe, babu eriyar kan allo da za ta cece ka. Sa soket na U.FL ka fitar da eriya waje, amma ka sani an yi shi don cirewa da mayarwa kimanin sau 30 ne kawai. Wanda kuma zai yi guda ashirin ko hamsin kuma ba shi da na'urar awo, shawarata ya sayi mojul, wato ƙaramin allo mai cif da eriya a haɗe, da aka riga aka saita, ya ɗora shi eriyar tana leƙowa waje da bakin allonsa. Espressif suna ba da shawarar barin fili na milimita 15 kewaye da eriyar mojul ɗinsu, wannan ya nuna maka yadda masu ƙera su suke ɗaukar maganar fili. Mojul mai takardar amincewa kuma, idan ka canza masa nau'in eriya ko ka sa wadda ta fi ƙarfi, amincewar ba ta bi ka ba.

Ga masu aiki a ƙasa da 1 GHz lamarin ya fi tsauri. Rubu'in zango a 868 MHz milimita 86 ne, a 433.92 MHz kuwa 173. Allo mai tsawon milimita 40 ba shi da giraun ɗin da zai ɗauki wannan, duk eriyar da ka zana a kansa rauninta zai yi yawa, kuma sau da yawa miƙaƙƙiyar waya mai tsawon da ya dace ta fi ta nesa ba kusa ba. Makullin mota mai rimot yakan yi amfani da eriyar zobe saboda hannu bai cika kautar da ita ba, amma ƙarfinta kaɗan ne kuma kafasitar saitinta sai mai daidaito sosai. A kula kuma wajen odar kaya: mojul na 915 MHz an yi shi ne don Amurka, inda aka ware 902 zuwa 928 MHz. A Najeriya da Nijar wannan yankin ya hau kan GSM 900 na wayoyin hannu. Kafin ka tsayar da firikwensi, duba abin da hukumar sadarwa, NCC a Najeriya ko ARCEP a Nijar, ta halatta.

Inda ake yin kuskure a zanen allo

Ka ce ka kwafo eriyar daga tsohon allo. Nan ne matsala ta biyu. Milimita ɗaya a tsawon hannun eriya ya kai kashi uku cikin ɗari, wato 70 zuwa 80 MHz, kusan faɗin dukkan tashoshin. Awo da rula ko kwafa daga hoto ba zai ba ka wannan daidaito ba. Ɗauko fayil na asali daga kamfanin, ko wanda ke cikin taskar manhajar zane ta KiCad mai suna SWRA117D, wanda shi ne zanen AN043. Ko da zanen ya yi daidai, kaurin allo da girman giraun ɗin da aka tsara ta a kai suna iya bambanta da naka, don haka saiti yana nan yana jiranka.

Ƙarƙashin eriya da gefenta kada a sami jan ƙarfe a kowane hawa: babu giraun, babu layi, babu ramin sukuru mai zoben ƙarfe. Manhajar zane tana son cike duk fili da giraun da kanta, don haka ka shata iyakar hani a dukkan hawa, ka kuma duba fayilolin Gerber, waɗanda ake tura wa masu buga allo, da idonka kafin ka tura. Bakin giraun da ke fuskantar eriya ya zama miƙaƙƙe, a dinke hawan sama da na ƙasa da ramukan haɗi kowane milimita 2 zuwa 3. Ƙafar eriyar da ke sauka giraun ta sami ramuka biyu ko uku dab da ita, domin rami guda a allo mai kaurin 1.6 yana da kimanin 1 nH, wanda a wannan firikwensi om 15 ne. Idan ka auna IFA da multimita za ka ga kamar ta haɗe da giraun. Haka take, kada ka yanke ƙafar.

Layin da ke tsakanin cif da eriya ya zama na om 50. A allo mai hawa biyu mai kaurin 1.6, layi shi kaɗai a kan giraun sai ya kai faɗin milimita 3, abin da ba ya shiga ƙaramin allo. Sai a yi layi mai giraun a gefe da gefe da kuma ƙasa: faɗin milimita 1 zuwa 1.3, tazarar 0.15 zuwa 0.2, ramukan haɗi jere a ɓangarorin biyu. A allo mai hawa huɗu da giraun yake milimita 0.2 ƙarƙashin layi, faɗin 0.35 ya isa. Lissafa da alkaluman kamfanin da zai buga maka allon. Mafi sauƙi dai ka matso da cif kusa. Layin da bai kai milimita biyar ba, ɗan kuskuren faɗinsa ba ya yin tasiri mai yawa.

A kan wannan layin, dab da eriya, ka bar gurbi uku na girman 0402: ɗaya a kan layi, biyu zuwa giraun, ɗaya a kowane gefensa. A karon farko sa rizista mai om sifili a na kan layi, sauran biyun a bar su fanko. Kada ka haɗa waɗannan da na bakin cif. A zanen misali na Nordic, kamfanin da ya ƙera cif ɗinka, na samfurin QFN48 akwai kafasita 0.8 pF da indakta 3.9 nH a ƙafar ANT. Aikinsu mayar da cif ɗin om 50 da tace firikwensin da ya ninka, kuma a kwafe su yadda suke har da yadda aka ja giraun ɗin kafasitar. Wanda ya saita eriya ta hanyar taɓa su zai iya samun nisa, amma ya ƙara cin batir ko ya riƙa watsa hayaniya a 4.8 GHz. A allon gwaji kuma, ƙara wa bakin eriya milimita 2 zuwa 3, domin yankewa ta fi ƙarawa sauƙi.

Awo

Ana buƙatar VNA, na'urar da ke aika sigina ta auna abin da ya dawo. NanoVNA ta farko da samfurin H ba su wuce wajen 1.5 GHz ba, sun isa aikin 433 da 868 amma ba su kai naka ba. NanoVNA V2 tana kai 3 GHz, LiteVNA tana kai 6 GHz, kowacce ta isa.

Yawancin awon da ke ɓatar da mutane daga wayar gwaji yake fitowa. Samo siririyar wayar kowaks, mai kaurin wajen milimita 1.2, mai soket SMA a baki ɗaya. Raba cif da eriya ta hanyar cire indaktar bakin cif. Haɗa zaren tsakiya da dalma a kan layin, gefen cif na gurabun nan uku, kuma tsiraicin zaren kada ya wuce milimita ɗaya. Rigar wayar a manna ta da giraun nan take dab da wurin, a sake manna ta a wurare biyu ko uku, a ja ta kwance a kan giraun ta fita ta gefen da ya fi nisa da eriya. Idan ta bi ta kusa da eriya, ko ta tashi sama, ita ma ta zama ɓangaren eriyar. A ƙaramin allo irin naka wannan babbar matsala ce, domin rigar wayar tana ƙara wa giraun tsawo, sai awon ya yi kyau fiye da gaskiya. Zura zoben ferit biyu ko uku a jikin wayar inda ta bar allon. Gwajin tabbatarwa: shafa wayar da yatsa daga nesa zuwa kusa. Idan zanen da ke fuskar VNA yana motsi, akwai sigina a bayan rigar kuma awonka bai inganta ba tukuna.

Yi kalibireshan da kawunan nan uku, buɗaɗɗe, rufaffe da na om 50, a bakin kebul ɗin VNA, bayan ka tsayar da iyaka kamar 2.0 zuwa 3.0 GHz. Wannan ya kai ma'auni bakin SMA ne kawai, saura tsawon siririyar wayar. Haɗe bakinta da giraun a kan allon da ɗigon dalma, ka riƙa ƙara jinkirin lantarki a VNA har alamar ta tattaru a ƙarshen hagu na taswirar Smith, zanen da'irar da VNA take nunawa, sannan ka cire ɗigon. Wanda ya tsallake wannan zai ga ramin S11, wato inda zanen ƙarfin da ke dawowa daga eriya ya fi nutsewa ƙasa, a daidai wurinsa, amma imfidans ɗin da zai karanta, wato adadin om ɗin da eriya take nunawa, ƙarya ne, kuma duk lissafin da ya gina a kai zai rushe.

Yanzu huda ƙaramin rami a akwatin don wayar ta fita, sa batir, wayoyinsa, sukuru da murfi, ka ɗora na'urar a kan farin soson da ake kare kayan lantarki da shi a kwali, nesa da teburin ƙarfe da jikinka. Auna sau uku ka ajiye: allo tsirara, allo da batir, sannan a rufe. Roba tana jan firikwensi ƙasa, gomomin MHz idan akwai tazara, fiye da ɗari idan ta manne da eriya.

Fara da tsawo, sannan kayan daidaitawa

Abu biyu ake gyarawa kuma ba ɗaya ba ne: inda eriya take amsawa, da kuma imfidans ɗinta a wurin. Na farko da tsawo ake gyara shi, kamar tsirkiyar gurmi da sautinta ke hawa idan an gajarta ta. A ce a rufe ramin S11 yana 2330 MHz, kana son 2440. Bambancin kashi 4.7 cikin ɗari ne, a hannu mai tsawon milimita 30 wajen 1.4 ke nan. Kada ka yanke duka. Yanke rabi da reza, ka kankare guntun gaba ɗaya, ka rufe, ka sake aunawa, domin a eriya mai lanƙwasa amsar ba ta bin lissafi sak. Daga nan ka riƙa cire rubu'in milimita. Idan ka zarce, manna guntun jan ƙarfe da dalma. Mutane da yawa suna ƙoƙarin janyo eriyar da ta kauce da 150 MHz da kafasita da indakta kawai. VNA za ta nuna rami mai kyau, amma faɗin zai tsuke kuma wani ɓangare na ƙarfin zai ƙone a cikin kayan.

Idan ramin ya zo tsakiya kuma S11 yana ƙasa da −10 dB daga 2400 zuwa 2480, ka gama, bar rizistar om sifili a wurinta. A −10 dB kashi goma cikin ɗari ne kawai ke komawa, asarar 0.46 dB. Kai shi −20 dB ba zai ƙara maka fiye da 0.4 dB ba, abin da ba za ka gani a nisa ba. Rami mai faɗi a −12 ya fi rami mai zurfin −35 da ke rufe tashoshi goma.

Idan bai kai ba, sai a daidaita. A 2440 MHz kowane 1 nH om 15.3 ne, kafasita 1 pF kuma om 65. A ce ka karanta 25 − j20. S11 ɗin wannan wajen −7.7 dB ne. Ana son a kai shi 25 + j25, domin daga nan kafasita guda zuwa giraun tana kai shi tsakiya. Daga −20 zuwa +25 om 45 ne, a raba da 15.3, ya ba da indakta 3.0 nH a gurbin kan layi. Sannan kafasita mai om 50, wato 1.3 pF, zuwa giraun a gefen cif. Akwai wata hanyar, kafasita 13 pF a kan layi da indakta 3.3 nH zuwa giraun, amma ta farko ta fi, saboda tana ƙara danne firikwensin da ya ninka. A taswirar Smith, indakta a kan layi tana juya alama yadda hannun agogo ke tafiya, kafasita a kan layi akasin haka. Kafasita zuwa giraun tana jan ta ƙasa, indakta zuwa giraun tana jan ta sama. Sa kaya ɗaya, ka auna, sannan na biyu, kuma ka fara da wanda ya fi kusa da eriya. Kada ka yi mamaki idan ka ƙare a 2.7 nH da 1.2 pF, domin gurabun da ramukan suna da nasu ɗan ƙari.

Nau'in kayan yana da muhimmanci. Kafasita ta zama C0G, irin jerin GJM15 na Murata, mai kuskuren da bai wuce 0.1 pF ba, kuskuren 0.25 a kan 1.3 pF kusan kashi ashirin cikin ɗari ne. Indakta ta zama ta aikin rediyo, LQG15 ko LQW15. Bar allon ya huce kafin awo, ka kuma goge ragowar man dalma. A zane na gaba, idan kana son kawar da kayan daidaitawa, IFA tana ba ka dama: nisanta ƙafar shigar sigina daga ƙafar giraun yana ɗaga imfidans, matso da ita yana sauke shi. Na'urar da za a riƙa riƙewa a hannu ko ɗaurawa a jiki kuma, a saita ta a haka, ko a bar ramin ya ɗan haura sama, tunda jiki ƙasa yake jan shi.

Abin da VNA ba ta gani

Rizista mai om 50 tana ba da S11 mafi kyau da za a iya samu, kuma ba ta watsa komai. VNA tana faɗin cewa ƙarfi ya tafi bai dawo ba, ba ta faɗin ko ya fita iska ko ya zama zafi a cikin roba. Idan ka rufe akwati sai ka ga ramin ya ƙara faɗi da zurfi lokaci guda, kada ka yi murna, sau da yawa alamar wani abu ne ke shan sigina.

Don haka sai an gwada a iska. Cire wayar gwaji, mayar da indaktar cif, sa na'urar ta riƙa aikawa da 0 dBm. A karɓa da allon gwaji irin nRF52 DK, domin RSSI na waya, wato awon ƙarfin siginar da ta karɓa, yana tsalle da yawa. A fili, nesa da bango da motoci, ɗora su biyun a kan katako ko roba, tsayin mita ɗaya da rabi, tazarar mita uku. Lissafi ya ce wajen −50 dBm. Idan kana ganin −53 zuwa −56 lafiya lau, idan −65 kake gani akwai sauran aiki. Ɗauki matsakaicin saƙonni ɗari ko fiye, ka juya na'urar digiri 30, ka sake, har ta zagayo. Ka yi haka tana kwance, tana tsaye, tana kan gefenta. Za ka tarar da kusurwoyin da sigina ke faɗuwa da 10 dB ko fiye, kowace eriya tana da su, abin nema shi ne kada su fuskanci inda mai karɓa zai kasance. Sa wani DK a madadin na'urarka ka maimaita, bambancin da ke tsakaninsu shi ne ainihin makinka. Gwada a 2402, 2440 da 2480, domin biyu daga cikin tashoshin sanarwa uku suna can bakin iyaka, a 2402 da 2480, ta ukun a 2426. Eriya mai siririn faɗi tana iya yin kyau a tsakiya amma waya ta yi ta wahalar gano na'urar.

Eriya tana aikawa da karɓa daidai wa daida. Idan ana jin na'urarka daga nesa amma ita ba ta ji sai an matso, ka nemi hayaniya a kan allon: mai sauya wutar DC, layukan allon nuni, ko USB 3.0 a kusa, wanda an san yana zubar da hayaniya a 2.4 GHz. Kashe su ɗaya bayan ɗaya kana kallon yawan saƙonnin da ke ɓacewa. Idan kuma RSSI yana da ƙarfi amma haɗi yana yankewa, duba kiristal na 32 MHz. Bluetooth yana buƙatar kada ya kauce fiye da 50 ppm, wato kashi 50 cikin miliyan, Zigbee 40, kuma kafasitocin da ba su dace da kiristal ba suna iya fitar da shi daga wannan iyaka.

Kafin ka buga da yawa, auna allo biyar zuwa goma, domin alkalamin da ke nuna yadda FR4 yake rage saurin igiya yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga bugu zuwa bugu, tsakanin 4.2 da 4.6. Rubuta cikakkiyar lambar kowace kafasita da indakta a jerin kaya, saboda 3.0 nH ta wani jeri ba ta yin hali ɗaya da ta wani. Idan za a zuba gam mai daskarewa ko a fesa ruwan kariya daga danshi, a yi saitin bayan an zuba, domin yana jan firikwensi ƙasa fiye da murfin roba. A naka allon, matsar da batirin ya kwanta gaba ɗayansa a bayan shimfiɗar giraun, bakinsa ya nisanci filin eriya da aƙalla milimita 5. Yi masa shinge a jikin akwatin ko ka manne shi da salatif mai gam biyu, a kuma ɗaure wayoyinsa su bi hanya ɗaya a kowace na'ura, domin idan batirin yana yawo a ciki, kowace za ta fito da nata saitin daban.